Tukunyar dalma da dalmar da ke cikinta

Duk macen da ta taɓa haɗa wa ɗiyarta kayan ɗaki a Damagaram ta san yadda ake zaɓen tukunya. Za ta shiga kasuwar Dole, ta ɗauki tukunyar ta ji nauyinta a hannu, ta ƙwanƙwasa gindinta ta saurari amonta, ta ɗaga ta sama ta duba ko hasken rana zai ɓullo ta wata ƴar kafa, sannan a zauna ciniki. Gwaji ne na masu hankali, kuma yana aiki. Yana tona tsaga, yana tona tukunyar da aka yi wa rowar ƙarfe. Aibi guda ne hannu da kunne da ido ba sa iya ganowa, shi ne kuwa mafi muni, domin tukunyar za ta shekara ashirin lafiya lau, cutar tana can jikin yaran da suka tashi da cin abin da aka dafa a cikinta.

Da yawa cikinmu muna kiran wannan tukunya ta zubi da sunan tukunyar dalma. Sunan aro ne. Ƙarfen da ake zuba ta da shi sanholo ne, wanda wasu ke cewa gorar-ruwa, ƴan boko kuma su ce alminiyam: fari ne, ba shi da nauyi, ba ya tsatsa. Dalma ta ainihi, ko darma a bakin wasu, ƙarfe ne daban, mai nauyi, mai launin toka, mai taushin da farce ke iya yi masa zane. Ita ce a cikin batirin mota, ita ce mai gyaran rediyo ke narkawa ya yi liƙi da ita. Guba ce. Abin da masu bincike suka gano a ƴan shekarun nan shi ne sunan da muka yi aro ya faɗa kan gaskiya: a cikin tukwanen sanholo da yawa akwai dalma ta ainihi, kuma tana fitowa ta shiga miya.

Ƙira tsohuwar sana'a ce a garin nan. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya yi mulki har zuwa 1884, maƙeran Damagaram har igwa suke zubawa. Zubin tukunyar sanholo kuwa baƙo ne na jiya. A Senegal ya fara, wajen ƙarshen yaƙin duniya na biyu, daga nan yaran gida da matafiya suka yi ta ɗaukarsa gari-gari, har ya zauna daram a kasuwar Katako ta Yamai, da Maraɗi, da Kano, da nan. Ya karɓu ne saboda ya dace da talaka. Mai zubi zai danna tsohuwar tukunya cikin yashi mai damshi a akwatin katako ya fitar da siffarta, ya narka ƙarfe a kan gawayi, ya kwarara. Kafin la'asar ga tukunya mai kauri, mai jure wutar itace, wadda ba ta tsoron muciya, ba ta fashewa kamar ta ƙasa, kuma kuɗinta bai kai na ta kamfani ba. In ta tsufa a mayar masa ya sake narkawa. Ina girmama wannan sana'a, kuma duk abin da zan faɗa a nan ina faɗa ne don ta ɗore.

Matsalar tana cikin buhun tarkace. Mai zubi ba ya samun sabon sanholo. Abin da ƴan gwangwan suka tsinto shi yake saye a kan sikeli: fistin da kan injin mota, tsohon lagireto, gwangwanayen lemo, firam ɗin taga, kayan cikin tsofaffin na'urori, gutsattsarin waya. A cikin waɗannan akwai wanda aka yi wa liƙi da dalma, akwai wanda tun a masana'anta aka gauraya masa ita don ya yi daɗin yanka a inji, wani lokaci ma ɗan guntun kan batir ko ƴar dalmar da ake maƙala wa wilin mota takan sulale cikin tarin. Dalma tana narkewa a digiri 327, sanholo sai ya kai 660. Ke nan kafin sanholo ya zama ruwa dalmar ta daɗe da narkewa, wani sashenta ya bi hayaƙi ya shiga huhun mai zuga wuta da yaron da ke riƙe masa awartaki, sauran ya bi ƙarfen ya shiga tukunya. Ƙarafan biyu ba sa haɗuwa sosai, kamar mai da ruwa suke, sai dalmar ta zauna ɗigo-ɗigo a jikin tukunyar, inda abinci zai same ta. Al'adar mayar da tsohuwar tukunya a sake zubawa kuma tana nufin dalmar da ta shiga sau ɗaya za ta yi ta zagaye daga tukunya zuwa tukunya.

A 2014 wani masanin sinadarai na jami'ar Ashland a Amurka, Jeffrey Weidenhamer, tare da abokan aikinsa na Kamaru, suka gwada tukwanen zubi 29 da aka saya a ƙasar Kamaru. Suka tafasa ruwa mai ɗan tsami a cikinsu na awa biyu, kwatankwacin dahuwar miya. Wata tukunya ta saki dalmar da ta kai mikrogiram 260 a cikin abin da mutum zai ci a zama ɗaya. Mikrogiram shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na giram, don haka adadin zai yi wa mai karatu kama da ba komai ba. Sai a gwada shi da ma'aunin hukumar abinci da magunguna ta Amurka, wadda ta ce abin da yaro zai samu daga abinci a yini guda kada ya wuce mikrogiram 2.2. A 2017 masanan suka faɗaɗa aikin zuwa tukwane 42 daga ƙasashe 10. Wata da aka samo daga Biyetnam ta ba da mikrogiram 33 a tafasa ta farko, 1,126 a ta biyu, 1,426 a ta uku. Wannan lissafi ya kamata ya tsaya a ran iyayenmu mata, domin mun saba da cewa in an tafasa sabuwar tukunya an zubar da ruwan farko, shi ke nan ta wanku. Tafasar tana fitar da yashi da baƙi, amma ga tukunyar da gubarta ke ƙaruwa da amfani. A 2023 ƙungiyar Pure Earth ta zagaya kasuwanni a ƙasashe 25, cikinsu har da Najeriya da Gana, ta auna kayayyaki sama da 5,000, ta tarar fiye da rabin kayan girki da na cin abinci na ƙarfe sun wuce ma'aunin da ta ajiye.

Girkinmu kuwa mai tsami ne. Kunun tsamiya, miyar yakuwa, zoɓo, tumatir, ƙullun koko da aka bari ya kwana, nonon da ake dama fura da shi a kwano: tsami shi ne ke cin jikin ƙarfe ya fito da dalma. Kanwa ma tana cin sanholo ta nata ɓangaren, shi ya sa tukunyar wake ke saurin yin ramuka. Ga kuma ɗumame. A gidaje da yawa miya a tukunya take kwana, a ɗumama da safe, yara su ci kafin su tafi makaranta. Dare guda cur ƙarfe da tsami suna tare.

Dalma ba ta da wani amfani a jikin ɗan Adam. Jiki yana ruɗewa ya ɗauke ta a matsayin sinadarin gina ƙashi, sai ya kai ta jini da ƙoda da ƙwaƙwalwa, ya ajiye ragowar a ƙashi da haƙora shekara da shekaru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi da aka sani wanda ba ya cutarwa, kuma ƙaramin yaro yana tsotse ninki huɗu zuwa biyar na abin da babba zai tsotsa daga abin da ya haɗiye. Yarinyar da ta tara ta a ƙashi tun tana ƙarama, ran da ta ɗauki ciki ƙashin zai sako ta cikin jini, ta isa ga ɗan tayi. A yara tana rage kaifin ƙwaƙwalwa, tana hana natsuwa, tana kawo ƙarancin jini, kuma abin da ta ɓata a ƙwaƙwalwa ba ya gyaruwa. A manya tana kawo hawan jini da ciwon ƙoda da ɓarin ciki. A 2020 Unicef da Pure Earth suka ƙiyasta cewa yaro ɗaya cikin uku a duniya, wato wajen miliyan 800, yana da dalma a jini da ta kai ko ta wuce mikrogiram 5 a kowace desilita, matakin da likitoci ke cewa a tashi a nemi inda take fitowa.

Mu Hausawa mun ga fuskarta mafi muni. A farkon 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka tarar da sababbin kaburburan yara jere a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a jihar Zamfara. Mutanen Dareta da Ƴargalma da Abare da Bagega suna kawo dutsen zinariya cikin gida su daka, su niƙa a injin da ake niƙa hatsi, dutsen kuwa cike yake da dalma. Tun kafin yara su fara suma, agwagin ƙauyukan suka ƙare, ba wanda ya gane ishara ce. A ƙauyuka biyu da aka ƙidaya, kashi ɗaya cikin huɗu na yara ƴan ƙasa da shekara biyar sun rasu cikin shekara guda. Jinin wasu ya wuce iyakar da na'urar awo ke iya karantawa. Yara aƙalla 400 suka tafi. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu. Allah ya jiƙansu.

Sai dai wannan masifa ta bar mana wata fahimta gurguwa. Mutum ya ji an ce gubar dalma, sai ya tuna ƴan haƙar zinariya, ya ce mu nan ba ma haƙa. Ta Zamfara mai kisa ce nan take, kowa ya gani. Ta tukunya da famfo ba ta sa suma, ba ta sa kuka, ba ta kai kowa asibiti a ranar. Yaro dai zai tashi ba ya riƙe karatu, malam ya ce ba shi da kai, uwa ta ce ƙiriniya ce, a bar maganar a nan.

Abin da ya sa nake tunanin Kara-Kara ke nan duk lokacin da aka tayar da wannan zance. Unguwa ce a nan Damagaram, a kan duwatsu, inda tun asali aka keɓe masu cutar kuturta da sauran waɗanda gari ya juya wa baya, ƴaƴansu da jikokinsu suka gaji wurin, suka gaji ƙyamar. Aïcha Macky, ɗiyar garin nan, ta nuna wa duniya rayuwar unguwar a fim ɗinta mai suna Zinder na 2021: samarin fada masu ɗaga ƙarfe, masu fasa dutse, masu sayar da man fetur a kwalba. Dalma ba ta tambayar unguwar mutum, amma duk ƙofar da take shiga ta fi faɗi a gidan talaka. Yaron da jikinsa ke da ƙarancin sinadarin ƙarfe na jini ya fi tsotse ta, haka wanda ya ci abinci cikinsa wayam, ƙarancin jini kuwa ruwan dare ne a yaran jihar Damagaram. Gidan da ba shi da hali tukunya mafi araha yake saye, ya yi ta amfani da ita har ta yi ramuka, a liƙe, a ci gaba. Yaran da ke bin bola suna tsintar ƙarfe don su sayar a kan sikeli daga irin waɗannan gidaje suke fitowa, da hannun da suka juya fasasshen batir da shi za su ci ƙosai, ruwan wanke hannu kuwa na saye ne. Kada a fahimce ni cewa dalma ce ta jefa samarin Kara-Kara cikin halin da suke ciki. Rashin makaranta da rashin aiki da ƙyamar mutane sun isa su yi wannan. Abin da ke damuna shi ne yaron da aka riga aka yanke wa hukunci da sunan unguwarsa, in ya kasa karatu, ba wanda zai tsaya ya tambayi abin da ke cikin jininsa. Za a ce ai dama.

Maganar batir ta cancanci a ɗan tsaya. Mafi yawan dalmar da duniya ke amfani da ita a batir take, yanzu kuma batura sun yawaita a garuruwanmu fiye da kowane lokaci: na mota, na kabu-kabu, na adaidaita, na hasken rana da ke kowane shago. In sun mutu wani zai saye ya fasa, ya zubar da ruwan a ƙasa, ya ciro farantan. A Tiyaroy, gefen Dakar, mata sun riƙa kwaso ƙasar wurin da aka daɗe ana fasa batura suna tankaɗewa a gida don su tsinci gutsattsarin dalma su sayar. Tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 yara 18 suka rasu a unguwa guda. Mai sayen mataccen batir da mai sayen tarkacen sanholo sau da yawa mutum ɗaya ne, rumfa ɗaya, sikeli ɗaya.

Sai ruwa. Duk Badamagare ya san wahalar ruwan garin nan, birni a kan dutse wanda ake jawo wa ruwa daga Gogo da Machaya da Arunguza da Ganaram. Kan famfon da muke saye a kasuwa, mai launin zinariya ko wanda aka shafe da fari, yawanci tagulla ce, ita kuwa tagullar famfo ana sa mata dalma kashi biyu zuwa uku cikin 100 don ta yi sauƙin sassaƙa. A 2021 masu bincike na jami'ar North Carolina suka fitar da sakamakon awon da suka yi a wuraren ɗibar ruwa 261 a karkarar Gana da Mali da Nijar. Kashi 9 cikin 100 na ruwan da suka auna ya wuce mikrogiram 10 a lita, iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa. Da suka kankare jikin kayan famfunan suka auna, sai suka tarar na tagulla ne suka fi ɗauke da dalma. Ruwan ƙarƙashin ƙasa ya fito da tsabtarsa, kayan da aka ɗora masa ne suka gurɓata shi. Ruwan da ya daɗe kwance a cikin tagulla shi ya fi jiƙa dalma, kuma a garin da famfo ke yin kwanaki bai kawo ba, ruwan farko da kowa ke rububi a kansa shi ne wanda ya fi daɗewa a kwance. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta taɓa dalma.

Ƙasashen da suka riga mu farga sun bi hanya biyu, kuma bambancinsu shi ne zuciyar wannan sharhi. Hanya ta farko gargaɗi ce. A 1986 mutanen jihar Kalifoniya suka kaɗa ƙuri'a suka kafa dokar da aka fi sani da Proposition 65, wadda ta wajabta wa mai sayar da kaya ya manna sanarwa in kayan na iya sa mutum cuɗanya da sinadarin da ke kawo daji ko cutar da haihuwa. Ma'aunin dalma a dokar rabin mikrogiram ne a yini. Shi ya sa za ka ga kwado da makulli, ko kan tiyo, ko sukundireba da aka shigo da su daga Amurka ɗauke da ƴar alama mai kusurwa uku da rubutun Ingilishi. Dokar ta yi amfani ta wani gefe, domin kamfanoni da dama sun gwammace su cire dalmar da su manna wa kayansu tambarin guba. Ta wani gefen kuma sanarwar ta yi yawa har ta zama kamar ado. Abin da aka manna a kan komai ba ya tsorata kowa. Gargaɗi yana bukatar mai saye da ya iya karatu, da wata tukunyar a gefe da zai iya zaɓa, da kuɗin da zai cika, da kotun da za ta hukunta wanda ya ɓoye. Tukunyar kasuwar Dole ba ta da kwali balle rubutu, wanda ya zuba ta bai san abin da ke cikinta ba, wadda za ta saya kuma jaka ɗaya ce ta raba ta da wadda ta fi so.

Hanya ta biyu ita ce a tare gubar tun daga tushe. Har zuwa 2014 a Amurka ana iya kiran kan famfo marar dalma ko da yana ɗauke da kashi 8 cikin 100. Daga watan Janairu na shekarar aka mayar da iyakar kashi 0.25. A yankin Siyatil ma'aikatan lafiya sun bi sawun yawan dalma a jinin ƴaƴan ƴan gudun hijirar Afganistan har suka kai ga tukwanen sanholo da iyayen suka taho da su, abin da ya sa jihar Washinton ta kafa doka a 2024 mai iyakance dalma a kayan girki, ko da yake daga baya an sassauta adadin. A watan Agusta na 2025 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a kan wasu tukwanen sanholo da na tagulla da ake shigo da su daga waje. Duk kasuwar da ta rufe ƙofa, kayan da ta ƙi sai sun nemi inda ba a awo, kuma mu muna cikin wuraren.

Mafi kyawun misalin wannan hanya a jikinmu ya faru. Shekaru da dama ana zuba dalma cikin man fetur, kowace mota tana fesa ta a titi. A 2001 ƙasashen Afirka suka taru a Dakar suka yanke shawarar dainawa, zuwa farkon 2006 ƙasashen kudu da Sahara sun daina, a 2021 Aljeriya, ƙasa ta ƙarshe a duniya, ta ƙarar da nata. Ba a ce wa direba ko ɗan kabu-kabu ya karanta komai ba. An gyara abin a matatar mai, kowa ya amfana, da mai ilimi da marar shi, da na unguwar Birni da na Kara-Kara.

Matatar tukunya ita ce rumfar mai zubi, can ya kamata aikin ya fara. Wanda zai ce a hana sana'ar bai san garin ba. Za ta koma bayan gida ne, cikin mata da yara, inda hayaƙin zai fi yin ɓarna. Abin da zai yi aiki shi ne a zauna da masu zubi a nuna musu tarkacen da ke ɗauke da dalma, su ware shi. Gwangwanin lemo da firam ɗin taga su tafi tukunya da ludayi, kayan inji da lagireto su tafi abin da ba a ci a ciki, kamar murhu da ƙafar kujera. Akwai na'ura ta hannu mai kama da ƴar bindiga da ake ɗora wa ƙarfe, cikin daƙiƙoƙi ta faɗi abin da ke cikinsa. Tana da tsada, amma kuɗinta bai kai na motar ofis guda ba, kuma guda ɗaya a hannun malaman sinadarai na Jami'ar André Salifou za ta iya zagaya rumfunan garin cikin ƴan makonni. Ita kaɗai ba ta isa ba, tunda binciken Kamaru ya nuna tukunya mai ƴar dalma kaɗan a jiki tana iya saki da yawa, don haka sai an haɗa da gwajin tafasa a ɗakin bincike irin na LANSPEX da ke Yamai. Hukumar ANMC mai tsara ma'aunin ingancin kaya ita za ta faɗi iyaka, ƴan duwan su nemi shaidar awo a kan kawunan famfo da tukwanen da ake shigowa da su.

Ina ganin akwai ƙarfin da muke da shi wanda Kalifoniya ba ta da shi. Sarautar sarkin maƙera tsohuwa ce a ƙasar Hausa, masu sana'a suna da shugabanni da suke jin maganarsu, fadar sarki kuma tana da bakin da ke isa inda takardar gwamnati ba ta isa. Mai zubin da aka auna kayansa aka tarar da tsabta, a ba shi hatimi ya riƙa zubawa a jikin murfi, alamar da mace za ta gane da ido ko ta shafa da yatsa ba sai ta iya karatu ba. Sannan manyan masu saye su fara: makarantun da ke ciyar da yara, asibitoci, barikoki, da ƙungiyoyin da ke gina rijiyoyi da famfuna. In suka rubuta a takardar kwangila cewa sai tukunya mai hatimi, sai kan famfo na ƙarfe marar tsatsa ko wanda dalmarsa ba ta wuce kashi 0.25 ba, kasuwa da kanta za ta juya. Mai zubi ma shi ne farkon mai riba, domin shi da yaransa ne ke shaƙar hayaƙin tun safe har yamma, shi ke komawa gida da ƙurar a riga ya ɗauki jaririnsa.

Kafin hukuma ta motsa, uwar gida tana da abin yi, ko da yake bai kamata a ɗora mata dukan nauyin ba. Miya mai tsami kada ta kwana a tukunyar zubi; a juye a mazubin ƙasa ko na ƙarfe marar tsatsa, wanda ƴan kasuwa ke kira inoks. Kunun tsamiya da zoɓo da abincin yaye sun fi dacewa da tukunyar ƙasa, ga su nan ana ginawa a Mirya, tafiyar da ba ta kai awa guda ba. Gurzar cikin tukunya da yashi ko soson ƙarfe har ta yi ƙyalli yana buɗe sabon ƙarfe ne ga abinci. Wadda ta yi ramuka ko aka yi mata liƙi ta koma ta ɗumama ruwan wanka. Ruwan farko da famfo ya kawo bayan ya daɗe a rufe ba sai an zubar ba, a tara shi don wanki. Akwai kuma kwalli, wanda ba kayan ƙarfe ba ne amma ɗan gida ɗaya ne da wannan zance: na dutse mai ƙyalƙyali ɗanyar dalma ce. A 2011 likitoci a Boston sun auna wanda ake sa wa wani jariri ɗan asalin Najeriya suka tarar kashi 82.6 cikin 100 nasa dalma ce. Jariri yana murza ido ya kai hannu baki.

Awon jinin yaro ɗigo ɗaya ne daga ɗan yatsa, ƙaramar na'ura ta ba da amsa cikin minti uku, irin wadda aka yi aiki da ita a ƙauyukan Zamfara. A ajiye guda a asibitin ƙasa na Damagaram, a riƙa fita da wata zuwa ɗakunan shan magani na unguwanni a ranakun awon yara da rigakafi, lokacin da iyaye mata suka riga suka taru da goyonsu. Duk yaron da dalmar jininsa ta kai mikrogiram biyar a desilita, ma'aikacin lafiya ya bi shi gida ya duba tukunya da famfo da kwalli da sana'ar mai gida. In za a tsara jerin unguwannin da za a fara da su, ina roƙon a rubuta Kara-Kara a layin farko.